Kwarin da Na Zana Ba Kowa a Ciki

Litinin, da hantsi

Sun manna kwarina a mararraba.

Mijina ne ya fara gani. Ya fita sayo ƙusa ya dawo ba ƙusa, ya tsaya a ƙofar ɗakin da nake zane yana juya hula a hannu. Kafinta ne, kuma Kafinta nake ce masa ko a gaban baƙi, shi kuma ya ce mini Uwar Fenti. Ya ce, "Uwar Fenti, kin yi suna." Na ce wane irin suna da safen nan. Ya ce in dai sa takalmi.

Allon talla ne, irin mai ƙafafun ƙarfe, ya fi bangon ɗakinmu faɗi. Abin da ke kai zanena ne, wanda na yi bara bayan girbi: kwarin, tsamiya daga hagu, rafi ya lanƙwasa ta baya, tuddai biyu da hasken yamma a kansu. An buga shi da girma har sawun buroshina ana gani daga titi. A kan sararin samaniyar da na sha wuya kafin ya zauna, an rubuta da manyan jajayen haruffa: FILI FETAL, ZO KA MALLAKI NAKA. Sai lambar waya. A kusurwar dama kuma ga sa hannuna, ko yanke shi ba su yi ba.

Shuɗin ma sun ɓata. Nawa yana da ɗan toka-toka a ciki, nasu na bokitin roba ne.

Wani mai kamfani ne ya saya a wurina, ya ce a ofis zai rataya. Na naɗe masa a takarda, har ina ja masa kunne kada ya bari rana ta riƙa dukansa. Zane na sayar. Ban sayar da ƙasar kowa ba.

Talata, da yamma

Na tafi kwarin kamar yadda na saba, katakon zane a baya, jakar fenti a kafaɗa.

Iya ce mai gonar da tsamiyar take ciki. Ba mu haɗa komai da ita ba, amma shekara da shekaru a inuwarta nake aiki. Ita ke ajiye mini 'yar kujerata a bukkarta don kada in riƙa jigila daga gari. Ita ke ce mini in tattara, ruwa na zuwa, tun sama tana fes. Yau na tarar da kujerar a bakin hanya, a kife, an ɗora gwangwanin wanke buroshina a kai.

Na yi sallama. Tana duƙe tana shuka, ko ɗagowa ba ta yi ba. Na sake yi. Ta ci gaba da jefa iri tana takewa da diddige.

Ɗanta ne ya hauro daga wajen injin ban-ruwa. Dogo ake ce masa, magidanci ne da iyalinsa, kuma Yaya yake ce mini tun ban yi furfura ba. Yau cewa ya yi, "Malama, ki koma."

Na ce, "Dogo, ni ce fa."

"Na gan ki. An ce ke kika auna musu."

"Da buroshi ake awon fili?"

"To me kike yi in kin miƙa hannu kin rufe ido ɗaya? Shekara nawa muna kallonki muna dariya, ashe mu ne abin dariyar."

Na tsaya yi masa bayani. Na ce tsawon itace nake gwadawa da na tudu, don kada tsamiya ta fi tudu girma a zane, kuma duk mai zane haka yake yi. Ya saurare ni har na kai aya, sannan ya nuna mini da haɓa. Turakun siminti ne, an shafa musu ja a ka, sun jeru daga bakin rafi sun ratsa ta tsakiyar kunyoyin Iya. Ɗaya yana gindin tsamiya, daidai inda nake kafa katakona.

Na ɗauki kujerata na juyo. Ban yi kuka ba, kuma ba zan yi ba. Gobe zan koma.

Laraba, da safe

Na koma. A bakin hanya aka tare ni, kuma matan da muke gaisawa ne suka tare ni.

Laraba, da yamma

Shukar gefen rafi ta tsiro, irin tsanwan nan mai taushi da ba ya daɗewa bai yi duhu ba. Duk shekara sai na kama shi. Bana daga titi na hango.

Juma'a, bayan azahar

Na je ofishin kamfanin. Bene ne, ga sanyin na'ura, ga furen roba a tukunya. Yarinyar da ke bakin ƙofa ta ce Manaja yana taro. Na ce ni ma taron na zo, na tura ƙofa.

Shi kaɗai ne, yana cin gyaɗa. Zanena yana bayan kujerarsa, cikin firam ɗin da Kafinta ya yi da hannunsa.

Ya tarbe ni da fara'a, har da tashi tsaye. "Hajiya mai zane, kin ga yadda muka ɗaga ki?"

Na ce a sauke allon, ko a cire sunana. Ya ce abin da mutum ya saya nasa ne, ya ga dama ya rataya, ya ga dama ya shimfiɗa ya kwanta a kai. Na ce mutane na noma a wurin nan tun kakanninsu. Ya ce wannan maganar manya ce, ana yin ta inda ya kamata, ni dai nawa fenti. Sannan ya juya kujera ya kalli zanen, ya ce, "Kin san abin da ya ja hankalinmu? Natsuwar. Ba kowa a ciki. Mai saye yana gani zai ce nan wurina ne."

Na ce, "Akwai mutane."

"Ina? Zo ki nuna mini."

Na zagaya teburin. Na san kowane lungu na zanen nan, na san inda ƙuda ya faɗa cikin fentin na ciro shi da tsinke. Na tsaya ina kallo, shi yana ɓare gyaɗarsa.

Ba zan rubuta abin da na ce masa ba. Da zan fita ya ce in na samu lokaci akwai ɗaya gefen rafin, suna son irin wannan ɗin dai.

Juma'a, da magariba

Na fito da duk zanen da ke ɗakin aiki na jera su a tsakar gida, jikin bango, jikin randa, jikin bencin Kafinta. Kwarin da damina, kwarin da rani, rafi ya cika, rafi ya ƙafe, tsamiya ta kowane gefe. Akwai shanu a wasu. Akwai wata akuya.

Kafinta ya fito yana goge hannu, ya bi su ɗaya bayan ɗaya kamar mai zaɓen katako. Ya ce, "Annoba aka yi a garin nan?"

Na ce ya kiyaye ni.

"A'a, tambaya na yi. Ni ma da muke kwana ɗaki ɗaya ban taɓa shiga ba."

"Kai kana tsayawa wuri ɗaya ne?"

Gaskiyar ke nan. Mutum ba ya tsayawa. Ka fara kafaɗarsa ya tafi shan ruwa, ka ɗago ya koma can ƙarshen kunya, haske kuma ya sauya. Itace yana jira, tudu yana jira. Masu saye ma ba sa son baƙo a bangon falonsu, sun sha faɗa mini. Ranar da na yi wancan zanen Iya tana nan tana tattara kara, matar Dogo ta ratsa da daro a ka, yara na jifan tsamiya. Na jira suka wuce na ci gaba. Haka ake aikin. Duk wanda ya ce ba haka ake yi ba bai taɓa riƙe buroshi ba.

Zane na sayar.

Lahadi, da rana

Ruwa tun safe. Na zauna na zana butar shayi. Ta yi kama da butar shayi. Na kankare.

Litinin, da hantsi

Kasuwa. Mai alayyafo 'yar kwarin ce, a wurinta nake saye kullum, har gyara take ƙara mini. Tana hango ni ta ja buhu ta rufe tirenta, ta ce ya ƙare. Ganyen yana leƙowa ta ƙarƙashin buhun. Na ce to Allah ya kawo kasuwa, na wuce na sayi wani yamutsattse a can gaba. Kafinta ya ce miyar ta yi daɗi. Ƙarya yake.

Ba zan daina zuwa kasuwa ba. Ba zan sauya hanya don gudun mararraba ba. Sunana ne a can, sai na kalle shi.

Talata, da yamma

Wata mata ta zo har gida, mai gidan sayar da abinci ce a bakin titi. Ta ga allon ta nemo ni. Tana son irinsa sak, ta rataya inda masu cin abinci za su riƙa gani, wai kafin a gine wurin, don tarihi. Ta zauna a kujerata tana kaɗa makullin mota, tana yaba hannuna. Rabon da wani ya nemi aikina an ɗan jima, fentina ma farin ya kusa ƙarewa, na matse bututun har ya yi lafe.

Na ce ba na yin zane sau biyu. Ta ce ai ga su nan birjik jikin bango, duk wuri ɗaya ne. Na ce waɗannan ba na sayarwa ba ne. Ta ce tun yaushe. Na ce tun yanzu.

Kafinta yana jin mu daga waje. Da ta tafi ya leƙo ya ce, "Kin kori kasuwa." Na ce na gani, ina wurin aka yi.

Laraba, da safe

An ce an wayi gari babu turke ko ɗaya a kwarin. An same su a rafi, a jibge, jajayen kawunansu na leƙowa daga ruwa. Ban san wanda ya yi ba, ban kuma tambaya ba. Da zan ga wurin da na zana shi, don ja a cikin ruwan ambaliya abin kallo ne.

Alhamis, da yamma

Sababbin turaku. Yanzu har da mai gadi da ɗan ɗakinsa na kwano. Mota na shiga tana fita. An kira mazan kwarin wani wuri, sun dawo ba mai magana. Duk a bakin masu babur nake ji, ni da nake sanin ranar da kazar Iya ta fara kwanci.

Asabar, da hantsi

Na ce wa Kafinta ya ba ni dogon tsaninsa.

Yana goge wata ƙofa da samfefa, bai tsaya ba. "Me za ki yi da shi?"

"Zan gama zanena."

Ya buɗe baki zai ce wane zanen, sai ya gane. Ya ajiye samfefar. "Allon nan ba naki ba ne."

"Sunan wa ke kai?"

"Uwar Fenti, mutanen nan ba irin waɗanda ake wasa da su ba ne. Kin ga motocinsu? Kin san wa ke bayansu?"

"Ban sani ba. Kai ka sani?"

"Ban sani ba, shi ya sa nake tsoro."

Na ce masa tun da nake ban taɓa barin aiki rabi ba, wannan kuwa na yi saurin sa hannu, akwai saura. Ya ce da shekarun nan nawa zan hau tsani a bakin titi, ni da gwiwata ke kuka in na tashi daga tabarma. Na ce gwiwata ce. Ya ce matarsa ce. Muka yi ta yi har maƙwabciya ta leƙo ta katanga tana tambayar ko lafiya.

Ya ce tsaninsa ba zai bar gidan nan ba. Na ce ba shi kaɗai ke da tsani a gari ba.

Lahadi, da safe

Ba ma magana. A tsaye ya sha shayinsa.

Lahadi, da yamma

Na shiga ɗakin aiki na tarar da wani yankin leda mai kauri a kan teburina, irin wadda ake buga talla a kai. Ban san inda ya samo ta ba. Na gwada fentina, ya ƙi kamawa, sai zamewa yake yi yana taruwa ɗigo-ɗigo. Na ƙara kananzir, abin ya ƙara lalacewa. Ina cikin tsaki sai na ji an dire gwangwanaye a bakin ƙofa. Fentin mai ne na ƙofa da taga, ragowar ayyukansa: baƙi, fari, ja, rawaya, da wani kore mai muni da ya taɓa shafa wa shagon aski. Wannan ya kama ledar gam.

Daga tsakar gida ya ce, wai ba da ni yake ba, "In ya bushe ba ya fita sai da tina." Ruwan nan ke nan mai warin tsiya da suke narkar da fenti da shi.

Da waɗannan launukan zan haɗa fatar mutum. Na yi ta gwadawa a bayan hannuna har ta fito.

Talata, da yamma

Da rana tsaka na hau allon mararraba, ba a ɓoye ba. Kafinta ne ya ɗauko tsanin da kansa, ya riƙe ƙafarsa, ya sunkuyar da kai ya ƙi kallon kowa.

Ban taɓa zane da ka ba, kullum sai abu yana gabana. Na ɗauka hannuna zai cije. Ashe duk suna ciki. Na fara da matar Dogo da daronta, ta baya, tana ratsa kunyoyi. Sai yaran da ke jifan tsamiya. Sai tsohon nan mai jaki da yake gyangyaɗi a kan jakin. Sai mai alayyafo, duk da abin da ta yi mini, na yi ta da ɗankwalinta mai ɗigo-ɗigo. Daga kusa ba a gane komai, dole in sauko in tsallaka titi in duba, in dawo in sake hawa. Gwiwata ta gaya mini ra'ayinta.

Masu babur ne suka fara taruwa, sannan masu jiran mota. Da farko kallo kawai suke yi. Da na yi tsohon mai jaki wani ya kwashe da dariya ya kira sunansa, sai wuri ya kaure, kowa yana ba ni oda: sa wane, kin manta wance, ƙara masa tumbi.

Dogo na yi a ƙarshe, kuma shi ya fi kowa girma don shi ne a gaba. Ba sai na yi tunani ba. Kafaɗar dama ta fi ta hagu sauka saboda ɗaukar inji, 'yar hular rawaya, fartanya a saɓe, ƙafa ɗaya a kan kunya. Na tsayar da shi a tsakiyar gonar, kansa yana taɓa ƙasan rubutunsu. Tun ban yi fuskar ba aka ce Dogo ne. Na yi fuskar duk da haka.

Gindin tsamiya na bari ba kowa. Na ɗaga buroshi a wurin na sauke. Na san bayan Iya, na san ƙeyarta, na san diddigenta. Rana ta yi ƙasa, na ce sai wani lokaci.

Yau na ci abinci har na nemi ƙari.

Laraba, da rana

Dogo ya zo mararraba a kan babur, ina wurin ina gyara ƙafar jakin. Ya tsaya bai kashe inji ba, ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Yaya, kin ƙara mini hanci." Ya ja babur ya tafi.

Yaya ya ce. Kafinta ma ya ji.

Alhamis, da safe

Allon yana nan, ba wanda ya taɓa shi. Motar kamfani ta tsaya, an ɗauki hoto da waya, ta wuce. Su ɗauka. Su kai wa Manaja ya rataya kusa da wancan.

Juma'a, da hantsi

An sake tuge turakun, duk da mai gadi. Na yi dariya har Kafinta ya ce in rage murya.

Asabar, da hantsi

Sun tafi da Dogo.

Asabar, da yamma

Ga abin da masu babur suka ce. Mai gadi ya ga mutum yana tuge turakun, amma shi baƙo ne, bai san sunan kowa ba. Aka sa shi a mota aka zaga da shi gida-gida, bai nuna kowa ba. A hanyar komawa suka biyo ta mararraba, ya ɗaga kai ya ga allon ya ce a tsaya. Sunan kuwa ba sai an wahala ba, duk wanda ke wurin ya san shi.

Ban sani ba ko haka aka yi. Masu babur sun iya ƙara gishiri.

Ni ban kama kowa ba. Zane na yi.

Lahadi, da rana

Na wanke buroshina duka, har waɗanda ban yi aiki da su ba.

Litinin, bayan azahar

Manaja ya aiko direbansa. Ya ƙi shigowa, a bakin ƙofa ya isar da saƙo. Wai ɓata allo laifi ne, amma shi Manaja mai mutunci ne, ba ya son a ce ya kai mace mai furfura gaba. In je in goge abin da na yi da hannuna, a gaban mutanen da na tara, sai maganata ta wuce.

Na ce, "Dogo fa?"

Ya ce shi ɗan aike ne, amma ya ji ana cewa in an ga ladabi za a duba.

Kafinta ya ce, "Za ka rantse?"

Ya ce shi ɗan aike ne.

Bayan ya tafi Kafinta ya zauna a bakin bencinsa ya zuba wa ƙasa ido. Na jira ya ce ai na gaya miki. Bai ce ba. Da ya faɗa da na samu wanda zan yi faɗa da shi.

Talata, da safe

Ƙaramar 'yar Dogo ba ta fara tafiya ba. Injin ban-ruwa ba mai ɗaukarsa. Na sa Kafinta ya sayo tina, ya tara mini tsummoki a buhu. Ba don Manaja ba. A sani, ba don Manaja ba.

Laraba, da yamma

Da hantsi muka isa mararraba, Kafinta da tsani da buhu, ni da galan ɗin tina. Labari ya riga mu, an taru, amma yau ba mai ba da oda. Direban Manaja yana can gefe cikin mota, ya sauke gilashi.

A gindin allon, jingine da ƙarfe, Iya ce zaune. Ban taɓa ganinta a wani wuri ba sai a kwarin. Ƙafafunta duk laka, a ƙasa ta zo. Fartanyarta tana kan cinya.

Na durƙusa na gaishe ta. Ta amsa.

Ta kalli galan ɗin. "Mene ne wannan?"

"Na gogewa ne, Iya."

"Wa za ki goge?"

Na ce duka. Na ce sun ce in na goge za a duba maganar Dogo. Na tsaya ina ta maimaita za a duba, za a duba.

Ta ce, "Ke 'yar nan. Suna riƙe da shi a hannu, kina tsammanin hotonsa suke nema? Jiya na je inda aka ce an kai shi, suka ce ba su da mai wannan sunan. Na je wani wurin, suka ce ba su san shi ba. Na dawo ta nan na ɗaga kai, ga shi." Ta nuna da fartanya ba tare da ta kalli sama ba. "Duk garin nan, nan kaɗai aka yarda akwai shi. Shi za ki goge?"

Na kalli galan ɗin da ke hannuna, ita kuma ta ci gaba.

"Kin bar mu a waje, an ce ba mu nan. Yanzu kin sa mu, za ki cire da hannunki a gaban jama'a, su ce ga mai zanen ma ta yarda. Ajiye abin nan, warinsa yana hawa mini kai."

Na ajiye. Kafinta ya kalli motar, ya kalle ni, ya jingina tsani.

Iya ta kama ƙarfen ta yunƙura, da kyar ta miƙe, ta ture hannun da na miƙa mata. Ta ce, "Ban yafe miki ba tukuna, kada ki ɗauka. Amma na ga kin bar gindin tsamiya ba kowa. Gonar wa ce?"

"Taki ce."

"To."

Na ce ban zo da fenti ba. Kafinta ya yi gyaran murya ya buɗe buhun tsummokin. Gwangwanayen suna ƙasa, har da buroshi. Wannan mutumin, zan yi maganinsa a gida.

Na ce, "Iya, kin san abin da ya sami Dogo. In na yi fuskarki, ke ma za su..."

"Ai shi ya sa na wanke ta."

Ta gyara ɗaurin zanenta, ta saɓa fartanya, ta fito sarari inda direban zai gan ta sosai. Na hau tsani na juyo na dube ta. Ashe tana da tabo a gira. Ashe idonta ɗaya ya fara fari. Na ji kunya, sannan na ji haushi, ban san na wa ba, na tsoma buroshi.

Na fara ja, hannuna ya lanƙwasa bayanta da kansa. Ta hango daga ƙasa.

"Me kike yi?"

"Ke nake yi, Iya."

"A duƙen kika san ni, na sani. Yi ni a tsaye."

A nan kaɗai tinar ta yi amfani. Na goge, na sake daga farko. Ina cikin yin kafaɗa na ga direban ya fito da waya yana ɗaukarmu. Iya ta juya ta fuskance shi, ta ɗaga haɓa, haka na zana ta. Can na ji motar ta tashi, ban waiwaya ba.

Ba a saki Dogo ba. Kafinta ya ce in haɗa 'yan kaya a jaka in ajiye bakin ƙofa, ko da za a zo. Na haɗa. Iya ta ce gobe sauran za su zo, duk wanda ban sa ba, kuma in fito da wuri don suna da noma.